Yadda Na Kai Ɗalibaina Yankari

Muna cikin darasin nazarin zamantakewa ne da 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare abin ya faro. A littafin akwai hoton Wikki, ruwan nan garai-garai da ke ɓuɓɓugowa daga gindin dutse, an rubuta a ƙasansa cewa yana cikin wuraren da Najeriya ke taƙama da su. Na tambayi ajin, wa ya taɓa ganin giwa? Hannaye suka tashi kusan duka. Wani ya gan ta a hasken tocila tana tumɓuke musu dawa, wata ta ji kukanta tsakar dare daga ɗakin uwarta, wani yaro shiru-shiru da ke zama a bencin baya ya ce kwana uku suka yi a gona da babansa suna kaɗa gwangwani suna hura wuta. Sai na ce, to wa ya taɓa shiga Yankari ya ga wannan ruwa da idonsa? Yara 46 ne a ajin, babu hannu ko ɗaya da ya tashi.

Ƙauyenmu yana ƙasar Duguri, a Ƙaramar Hukumar Alkaleri. Daga gonakinmu na ƙarshe zuwa iyakar gandun daji bai kai tafiyar rabin sa'a a ƙafa ba. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a ƙarshen 1962, Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, ya dawo hannun Jihar Bauchi a 2006. Duk tsawon shekarun nan mutum yakan taso daga Legas ko Jamus ya zo ya yi wanka a Wikki, amma yaron da giwar dajin ke cinye tuwonsa tun yana gona bai taɓa sa ƙafa a ciki ba. Sunan Wikki kansa, an ce daga harshen Dugurawa yake, ma'anarsa "ina kake?" Wannan abu ya tsaya mini a rai har na kasa barci da wuri a daren. Washegari na shiga ofishin shugaban makaranta.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, shawara ce mai kyau, amma ka san makaranta ba ta da ko sisi. Ka samo izini daga ofishin ilimi, ka samo yardar iyaye, ka samo kuɗi. In ka haɗa ukun nan, ni zan sa hannu."

Izinin bai ba ni wahala sosai ba. Na rubuta takarda na kai a babur, aka ce in dawo da sunayen yaran da sunan malama mace da za ta raka 'yan matan, na koma mako na gaba, aka buga hatimi. Akwai wani ɗan ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu da ke aikin gadin dajin, shi na tarar a kasuwa na nemi shawararsa. Ya ce kada mu je da kaka, ciyawa ta yi tsawo ba za mu ga komai ba. Mu bari sai Fabrairu ko Maris, lokacin da tafkunan daji suka ƙafe, namun daji suna gangarowa kogin Gaji shan ruwa. Ya ce in rubuta wa hukumar dajin tun da wuri in faɗi yawan yaran, domin kuɗin shigar ɗalibai bai kai na manya ba, kuma a tanadar mana motar zagaye. Ya ƙara da cewa duk abincin da za mu riƙe ya kasance a rufe, saboda birai.

Yardar iyaye ce ta zama babban aiki.

Dagaci ya tara mutane a ƙofar gidansa bayan la'asar. Na faɗi, na yi gaisuwa, na bayyana abin da ke tafe da ni. Ban rufe baki ba wani dattijo ya yi gyaran murya. Mahaifin yaron nan ne na bencin baya. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Dagaci. Malam, gonar da nake ɗaure dami 80, bana dami 9 na ɗaure. Dare ɗaya suka shiga. Abin da ba su ci ba sun tattake. Babu wanda ya zo ya ce mini sannu da kwanon hatsi a hannu. Yanzu kuma kana cewa in sayar da abin da ya rage in ba ɗana ya je ya gai da su a gidansu?"

Wuri ya yi tsit. Ardo ya karɓa, ya ce shi nasa ciwon daban ne. Da rani gamba takan kai wuyan mutum a cikin daji, shanunsa kuwa suna waje suna cin leda a bola, kuma in saniya ta tsallaka iyaka yaro ya bi ta, kamu ne da tara. Ya ce a gaya masa abin da ya sa ciyawa ta halatta ga ɓauna ta haramta ga saniyar da ke ba 'ya'yanmu nono.

Ban da amsar da za ta mayar wa dattijon nan dawarsa, kuma ban yi kamar ina da ita ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ce, "Baba, gaskiyarka ce, kuma ban zo in wanke giwa ba." Abin da na iya faɗa shi ne abin da kowa a wurin ya sani daga rediyo. Sambisa gandun daji ne irin namu kafin ya zama abin da ya zama. Dajin Kamuku na Birnin Gwari ma haka. Muna maƙwabtaka da daji mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, kuma daji irin wannan ba ya zama babu mai shi. Ran da masu gadi suka daina sintiri a cikinsa, wasu za su gaje su, kuma ba dawa kaɗai za su ci ba. Na ce ina so yaranmu su san abin da ke ciki, domin in akwai wani amfani a dajin nan, kada ya zama kowa ya san hanyarsa sai mu.

Wanda ya juya zancen shi ne Sarkin Baka, tsoho tukuf, wanda ban zaci zai goyi bayana ba. Ya ce mahaifinsa ya ga raƙumin dawa a wannan daji da idonsa, shi kuwa bai taɓa gani ba, kuma ya san hannun irinsu mafarauta yana cikin abin da ya jawo haka. Ya ce a bar yara su je su ga abin da ya saura. Maganarsa gaskiya ce, domin yau wanda ke son ganin raƙumin dawa a Jihar Bauchi sai ya je gandun dajin Sumu, su ɗin ma daga Namibiya aka kawo su a 2006. Dagaci ya yanke cewa babu dole, mai so ya ba da ɗansa.

Batun 'yan mata Malama ce ta ɗauka. Gida-gida ta bi bayan magariba tana zama da iyaye mata, tana ba su tabbacin cewa babu kwana, kuma in an zo wanka maza daban mata daban, tana tsaye. Cikin 'yan mata 19 aka ba mu 11.

Muka yanka naira 3,000 a kan kowane yaro, malamai muka ƙara daga aljihunmu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya fi komai nauyi, shi ya cinye fiye da rabin abin da muka tara. Da yawa ba su kawo tsabar kuɗi ba. Aka riƙa kawo mini gyaɗa da riɗi da wake mudu-mudu, wata uwa ta aiko da zakara, ranar kasuwa na kai na sayar na rubuta a gaban sunan kowa. Ana gobe tafiya, bayan isha'i, aka yi sallama a ƙofar gidana. Yaron bencin baya ne, da riɗi a ƙullin zane. Ya ce, "Malam, Baba ya ce a kawo." Bai ƙara komai ba. Da shi muka cika 33.

A littafin da nake rubuta kuɗin na ware shafi guda. Na ƙudurta cewa duk hannun da kuɗinmu ya shiga a wannan tafiya zan rubuta shi, in kuma tambayi mai hannun ɗan ina ne. Na san in mun dawo za a tambaye ni amfanin dajin, kuma ba na son in amsa da abin da na karanta a littafin aji.

Muka tashi bayan asuba a bas biyu. Direbobi biyu, da ɗan bumburutun da ya ƙara mana mai a hanya. A Mainamaji, inda babbar ƙofar take, muka tsaya karin kumallo: mai ƙosai, mai shayi, yarinya mai ruwan leda, da wani mai zuma da Malama ta saya a wurinsa. Mainamaji ba ta fi wasu ƙauyukanmu girma can-can ba, amma duk motar da ta baro titin Bauchi zuwa Gombe ta karya a Dindima za ta Yankari, dole ta tsaya a nan. Mai shayin ya ce mini lokacin hutun ƙarshen shekara da bukukuwan salla ba ya samun zama. A ƙofa na miƙa takardarmu, aka ƙirga yaran, aka ba mu rasit.

Daga ƙofa zuwa sansanin Wikki tafiyar kilomita 40 da 'yan kai ce a cikin daji. Abin da ya fara sa yaran yin shiru itatuwa ne. Madobiya da kawo da marke masu kaurin da mutum biyu ba za su rungume ba, a jere har iya ganin ido. A wajenmu masu gawayi da masu yankan katako sun gama da irinsu, musamman madobiya da aka yi ta lodawa a manyan motoci ana fita da ita ƙasar Sin. Wata yarinya ta tambaye ni ko shuka su aka yi. Na ce a'a, haka bayan gidanku yake lokacin da kakarki take budurwa.

A sansanin, gwaggon biri ne suka tarbe mu, ga mugun dawa suna kiwo tsakanin ɗakunan baƙi kamar tumakin gida. Duk da gargaɗin da aka yi mana, wani ƙaton biri ya fizge ledar burodi daga hannun wani yaro ya haye rufi. Muka shiga ɗan gidan tarihin da ke wurin, inda aka ajiye fatu da ƙasusuwa da hauren giwa, da tarkuna da bindigogin toka da aka ƙwace a hannun masu farauta ba bisa ƙa'ida ba. Yara da yawa sun gane tarkunan, har suna faɗin sunayensu da yadda ake ɗana su. Ma'aikacin wurin ya yi mana bayanin kogunan dutse na Marshall guda 59 waɗanda mutanen zamanin da suka sassaƙa, da rijiyoyin Dukkey, da wuraren narka tama, shaidar cewa an yi garuruwa a dajin nan kafin ya zama gandu. Lokaci bai bar mu mun je can ba.

Sai motar zagaye, buɗaɗɗiya, da direba da mai rakiya. Muka gangara wajen Gaji. Mun ga gwambaza suna tsaye cikin fadama, mun ga mazo, mun ga garken ɓauna daga nesa suna tayar da ƙura, ga kada kwance a bakin ruwa baki buɗe. Gwanki guda ya tsallaka hanya a gabanmu, yaran suka yi ihu har mai rakiya ya ɗaga musu hannu. Tsuntsaye kuwa ba a magana, fiye da iri 350 aka ƙirga a dajin. Tsando ya cije mu son ransa.

Giwa ba mu gan ta ba. Mai rakiyar ya ce garken ya yi nisa a kwanakin. A wani wuri direba ya rage gudu ya nuna mana kashinta da rassan da ta kakkarya, ya ce ga inda suka wuce jiya. Sai muka ji murya daga bayan mota: "Ba jiya ba ne, ya kwana uku." Yaron bencin baya ne. Mai rakiya ya juya ya ce ya aka yi ya sani. Yaron ya ce kashin ya bushe har ciki, buzuzu ya gama da shi, ganyen reshen da aka karya ya yi yaushi ya fara zuba. Ya nuna sawu ya ce akwai ƙarama a cikinsu, tana tafiya a gefen hagu na uwarta, kuma gabas suka nufa. Mai rakiyar ya sauka ya duba, ya daɗe a tsugune, ya dawo ya ce, "Ɗan waye wannan?" Na gaya masa. Ya dafa kafaɗar yaron ya ce, "Ƙanena, abin nan da ka sani, shi ake biyanmu albashi a kansa. Ka gama makaranta."

Daga nan hira ta ɓarke tsakaninsa da yaran. Ya ce sukan yi kusan mako guda a daji suna sintiri a ƙafa, suna kwana inda dare ya yi musu, kuma akwai abokan aikinsu da suka rasa rayukansu a hannun masu farauta. Ya ce a ƙidayar 2006 giwayen Yankari sun kusa 350, masu neman haure suka yi musu ɓarna har suka koma tsakanin 100 da 150, amma duk da haka suna cikin garke mafi girma da ya rage a Najeriya. Tun 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS take aiki da gwamnatin jiha wajen kula da sintirin, kuma daga 2015 aka yi shekaru ba a samu gawar giwar da aka kashe don haure ba. An ɗaura wa wasu giwayen na'ura a wuya da ke nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam, akwai kuma mutanen ƙauyuka da aka ɗauka suna sa ido, in garke ya doso gonaki su buga waya. Zaki ma, in ji shi, a duk Najeriya nan da dajin Kainji kaɗai ya rage. Wani yaro ya tambaye shi, in na'ura tana nuna inda giwa take, me ya sa take isa gona kafin su iso? Ya ce daji da faɗi, su kaɗan ne, hanyoyi da damina ba sa biyuwa, giwa kuma tana cin zango mai nisa a dare ɗaya. Bai ɓoye ba, kuma na ji daɗin hakan.

Bayan azahar muka sauka matakalar Wikki. Gani ya kori ji. Ruwan yana fitowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, kana hango farin yashi a ƙasansa kamar babu ruwa a kai. Kimanin lita miliyan 21 yake zubarwa kullum, yana gangarawa Gaji. A watan da rijiyoyinmu ke komawa laka, mata suna kwana a layin burtsatse, ga ruwa yana malala haka a bayan gidanmu. Maza suka fara shiga, muka fito muka hau sama, Malama ta sauka da 'yan mata. Ina jin dariyarsu daga inda nake zaune. Wata a cikinsu ta gaya wa Malama cewa tunda aka haife ta ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarta ba.

A hanyar dawowa yaran suka yi barci, ni kuwa na buɗe shafina. Hannu 14 kuɗinmu ya shiga, in aka haɗa da mai hoto da mai kula da bakin ruwa da matar da ta sayar mana da lemo a sansani. Tara daga cikinsu 'yan ƙauyukan da ke kewaye da dajin ne. Wannan na ziyararmu ce kawai, ta yara masu guzurin ƙosai, ban da masu kama ɗaki su kwana, su ci a gidan abinci, su yi taro a zaure. Ban da masu shara da masu dafuwa da masu wanki da masu gadin da kuɗinmu bai taɓa hannunsu kai tsaye ba. Dajin yana ciyar da gidaje, na gani da idona.

Amma shafin ya nuna mini wani abu da ya fi wannan damuna. A cikin taran nan babu ɗan ƙauyenmu ko ɗaya. Ciniki yana inda ƙofa take, giwa kuwa ba ta fita ta ƙofa. Wanda ke samu daban, wanda ke asara daban, kuma albashin mai gadi ba ya shiga rumbun wanda aka tattake wa gona. A ganina, muddin wani kaso na abin da ake karɓa a ƙofa bai koma ga ƙauyukan da ke kwana a gona suna kaɗa gwangwani ba, ko ta hanyar diyya, ko burtsatse, ko gurbin aiki da aka ware wa 'ya'yansu, duk wa'azin kare daji da za a yi musu zai shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu. Zumar da Malama ta saya a Mainamaji, mu ma muna da masu amya. Tabarmi da faifan da matanmu ke saƙawa ba su da hanyar isa gaban baƙo.

Ranar Juma'a na koma ƙofar gidan Dagaci na karanta lissafin kuɗi har sisin ƙarshe, na karanta shafin hannayen, na kuma faɗi cewa babu namu a ciki. Ardo ya ce to ai maganarsa ta fito. Dattijon nan bai ce komai ba sai da aka watse. Ya tsayar da ni a bakin masallaci ya ce, "Ɗana, yaron nan ya hana mu barci da labari. Wai an ce masa akwai aiki. Wace takarda ake nema?" Na ce zan tambayo masa, amma ko ma wace ce, sai ya gama sakandare tukuna. Ya ce zai gama.

Da kaka giwayen suka sake fitowa, wannan karon ta gonakin kudu, suka taɓa mutum huɗu. Yaron ne ya fara ganin sawunsu da yamma a bakin rafi, ya zo da gudu ya karɓi wayata muka kira lambar da mai rakiyar nan ya rubuta mana a bayan rasit. Yanzu ina rubuta takarda ta biyu zuwa hukumar dajin, ta manya ce, Dagaci ya ce a sa sunansa a farko. Mutum 12 suka ba da suna zuwa jiya, har da Sarkin Baka. Ardo ya ce in ba shi zuwa ranar kasuwa.